Kuɗin ƴan ta'addan Sahel: daga waje suke zuwa ko daga cikinmu?

Ɗalibin Tawa ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa a fadodin samari nan Tawa, ina roƙon masana su raba mu. Wasu na cewa duk ta'addancin nan na Tilaberi, arewacin Tawa da Difa ƙasashen waje ne suka shuka shi, su ke ba da kuɗi da makamai, ranar da suka janye hannu ranar zai mutu. Wasu kuma na cewa wannan gudun laifi ne kawai, yaran da ke kan moto da bindiga ƴaƴanmu ne, kuma da dukiyarmu ake ciyar da su.

Tambayata ita ce: mutum ɗari a cikin daji, wa ke saya masu isansi, harsashi da abinci? Ta wace hanya kuɗin ke bi har ya shiga hannunsu? A cikin zarge-zargen da muke ji a rediyo kuma, wanne aka tabbatar, wanne ne har yanzu magana ce kurum? Don Allah ban da zagi, bayani nake so.

Mai Lissafi (Yamai) ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a ce wa ke bayarwa, a raba kuɗin gida biyu, don ba ƙofa ɗaya suke shigowa ba. Akwai jari, wato dunƙulallen kuɗin da ke kafa ƙungiya, ya saya mata motoci, manyan bindigogi da biyayyar wasu shugabannin daji. Akwai kuma kuɗin cefane na kullum. Masu gardamar fadarku kowa ya kama ɗaya ya saki ɗaya.

Jarin farko daga waje ya zo, wannan babu ja, kuma mafi yawansa kuɗin fansar Turawa ne. A 2003 ƙungiyar GSPC ta Aljeriya, wadda daga baya ta koma AQMI, wato reshen Alƙa'ida na arewacin Afirka, ta kama Turawa 32 masu yawon buɗe ido a Sahara. Kashin ƙarshe a arewacin Mali aka sake su, rahotanni suka ce an biya euro miliyan 5. Daga nan suka gane sana'ar. A Disamban 2008 an ɗauke jami'an diflomasiyyar Kanada biyu ba nisa da Yamai. A Satumban 2010 an ɗauke mutum bakwai masu aiki da kamfanonin Faransa na Areva da Satom a Arlit, huɗun ƙarshe ba a sako su ba sai Oktoban 2013. Jaridun Faransa sun ce an biya abin da ya kai euro miliyan 20, gwamnatin Faransa ta musanta. Euro ɗaya kusan sefa 656 ne, ka ga abin ya haura miliyar 13 a ciniki guda. A 2014 jaridar New York Times ta lissafa cewa Alƙa'ida da rassanta sun karɓi aƙalla dala miliyan 125 na fansa tun daga 2008, kuma akasarinsa daga ƙasashen Turai ya fito. A Janairun 2014 ɗin ne Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri mai lamba 2133 yana kiran ƙasashe su daina bari ƴan ta'adda na cin moriyar fansa. Ba a daina ba. A Oktoban 2020 Mali ta saki fursunoni wajen 200 don a sako jagoran adawarta Soumaïla Cissé da Turawa uku, cikinsu har da limamin cocin nan ɗan Italiya da aka ɗauke a yankin Makalondi a 2018. A ƙarshen 2025 ma Reuters ta ruwaito an biya JNIM, reshen Alƙa'ida na Sahel, dala miliyan 50 a kan ƴan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka kama a Mali.

Yadda cinikin ke tafiya kusan iri ɗaya ne. Sau da yawa ba ƙungiyar ce ke kamun da kanta ba, ƴan fashi ne da suka san gari su ɗauke mutum su sayar mata. A wuce da shi arewacin Mali cikin kwana ɗaya ko biyu. A yi shiru na watanni don farashi ya hau, sannan a fitar da bidiyon da ke nuna yana raye. Sai mai shiga tsakani ya fito, galibi wani babba da ɓangarorin biyu suka sani, tsohon ɗan tawaye ko ɗan siyasa. Kuɗin tsaba ake kaiwa cikin jakunkuna, ba ta banki ba, kuma kowane hannu da suka ratsa sai ya yanki rabonsa. Gwamnatin da ta biya takan ɓoye shi ƙarƙashin wani suna ko ta bar kamfani ya biya, don gobe minista ya iya rantsewa ƙasarsa ba ta ba da ko dala ba.

To amma ƙungiya ba ta rayuwa da jari kaɗai. Mu yi lissafin misali. Ka ɗauka moto 100, kowace ta sha lita 5 a rana. Lita 500 ke nan, bido 20 na lita 25. Ko a farashin gidan mai na 2024, sefa 499 kowace lita, ka kusa jika 250 kullum, miliyan 7 da rabi a wata, kuma wanda ya kai mai daji ba zai sayar da wannan farashin ba. Ƙara shinkafa, shayi, sukari, taya, katin waya, magani, ɗan abin da ake ba iyalan waɗanda aka kashe, da ladan masu kai labari. Kuɗi ne da ake buƙata a Tilaberi ko Azawak ranar Talata da safe, a hannu, da sefa ko naira. Ba wanda zai jira a aiko shi daga wata nahiya. Shi ya sa EIGS, reshen Da'ish na Sahel, wadda Abu Walid al-Sahrawi ya kafa a 2015 kuma ba ta taɓa samun irin fansar AQMI ba, ta iya kashe sojojinmu 71 a Inates a Disamban 2019 da 89 a Cinagodar bayan wata guda. Shanu, haraji da ganimar barikin da suka fasa ne suka riƙe ta. Mutanen Adar sun fi ni sanin wannan ɓangaren.

Ba'adare (Tawa) ya amsa:

Malam Mai Lissafi ya yi gaskiya, bari in ɗora kan zancen bisashe, tunda nan ne kuɗɗin ke kwance.

Abin da su ke kira zakka ba zakka ba ce, kuma kowane almajiri shina iya gane haka. Nisabin shanu 30 ne, a fidda maraƙi guda. In sun kai 40 a fidda saniya. Tumaki da awaki sai sun kai 40 ake fidda guda, kuma gudan nan ita ce har 120. Raƙuma 5, akuya ko tunkiya guda. Sau ɗaya a shekara, kuma a ba mutane takwas da Suratut Tauba ta lissafa a aya ta 60. Su kuwa su kan zo rugga ko bakin rijiya su ƙirga garke da kansu, su zaɓi mafi ƙiba. Bayan wata ukku wata tawaga ta zo ta ce ba ta san da na farko ba. Mai shanu goma da bai kai nisabi ba, shi ma sai ya biya. Wani wuri su yanka ma gari duka kuɗɗi, su ba maigari kwanaki ya tara. In ya tara, soja su ce abokin ƴan ta'adda ne. In ya ƙi, su dawo. Garuruwan da sunka ƙi biya ko sunka fara kafa ƴan banga su ne anka fi yi ma kisan gilla a 2021: Tchomabangou da Zaroumadareye a Janairu, mutum wajen ɗari, sannan ranar 21 ga Maris a yankin Tillia, a Intazayene, Bakorat da Wistane, mutum 137 a yini guda.

Amma ɗana, saniya ba ta sayen harsashi sai ta koma kuɗɗi, kuma ɗan bindiga ba ya shiga kara da rawani da bindiga ya tsaya ciniki. Ga yadda ake yi. Na farko a kora garken nesa da inda anka sato shi, wani lokaci a tsallaka iyaka, a ba wani makiyayi riƙo na makonni har cigiya ta lafa. Sannan a rarraba shi biyar-biyar, goma-goma, a gauraya da na halal. In akwai lambar mai shi a cinya ko a wuya, a ɗora wani ƙarfe mai zafi a kai a ɓata ta. Sai a kai ƙaramar kasuwar daji, inda dillalin da ya san kan zance zai saye da rahusa mai yawa. Da an yanki tikitin kasuwa, saniya ta sami takarda. Daga nan ta bi hanyar da kowace saniya ke bi, babbar kasuwa, kamiyo, kudu. Mai cin tsire a Legas bai san komi ba. Dillalin farko kuwa ya sani sarai, don ba mai sayar da bijimi rabin kuɗɗinsa sai da dalili. Sau da yawa ma ba kuɗɗi zai mayar ba, saƙo za a ba shi: isansi bido kaza, taya kaza, buhun shinkafa, tramol, a aje wuri kaza.

Aikin dillali tun kakanni shi ne tsayawa shaida cewa dabba ba ta sata ba ce, don haka ne ake ba shi la'ada. Wurin da wanga amana ta lalace, nan ne ƙofar. Kuma nan ne aka fi sauƙin toshewa: rajistar dillalai a kowace kasuwa, rubuta sunan mai sayarwa da garinsu da lambar dabba kafin a yanki tikiti, da hanyar da wanda anka sace ma garke zai kai cigiya ta isa kasuwannin Abalak, Cintabaraden, Badagishiri da Ƙwanni kafin ranar cinsu. Inda abin ke lalacewa shi ne mai karɓar harajin kasuwa yawan kai ya dame shi, ba asalin dabba ba, shi kuma dillalin kirki shina tsoron a gane shi ne ya tona.

Ku dubi Lakurawa a iyakarmu da Sakkwato. Wajen 2018 wasu shugabannin al'umma a Tangaza da Gudu sunka yi maraba da su don su kore masu ɓarayin shanu. Sun kore su, sannan sunka zauna, sunka fara karɓar tasu zakkar da hukunta mutane. Ba jirgi ne ya sauke su ba, rashin mai kare talaka ne ya buɗe masu gida.

Hajiya Ta Plateau (Yamai) ta amsa:

Alhaji Ba'adare, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, amma kada mu wanke masu manyan riguna da ruwan dillalin ƙauye. Ɓarayin shanu sun daɗe a Azawak, ba su taɓa fasa bariki ba sai bayan 2011. A 2011 ɗin OTAN, ƙawancen sojan ƙasashen Yamma, ta fake da ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1973 ta ruguza Libiya, alhali shugabannin yankin nan, har da Issoufou da Déby, sun yi ta gargaɗin abin da zai biyo baya. Aka kashe Gaddafi a Oktoba, rumbunan makamai suka zama na mai rabo, ayarin motoci suka ratso ta mashigar Salvador da ke iyakarmu da Libiya. Janairun 2012 tawaye ya tashi a arewacin Mali, kafin tsakiyar shekara Gao, Tumbutu da Kidal suna hannun masu iƙirarin jihadi. Wanda ya fasa rumbun ba zai ce ba ruwansa ba don kawai ba shi ya danna kunamar bindiga a Tillia ba.

Kuma ba yau manyan ƙasashe suka fara kiwon irin waɗannan mutane ba. A shekarun 1980 Amurka da Saudiyya sun zuba kuɗi ga mujahidan Afganistan ta hannun leƙen asirin Pakistan don a karya Tarayyar Sobiyet. Wasu ƴan Aljeriya da suka je can su suka dawo suka shiga GIA, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta ƙasarsu, daga GIA aka sami GSPC, daga ita AQMI, wadda reshenta na Sahara ke cikin JNIM tun 2017. Mokhtar Belmokhtar, wanda mutanensa da na wata ƙungiyar jihadi mai suna MUJAO suka kai harin Agadas da Arlit a Mayun 2013, a Afganistan ya sami horo. A 2009 ma wata wasiƙar sirri ta ma'aikatar harkokin wajen Amurka, da WikiLeaks ta fallasa, ta ce masu ba da kyauta daga Saudiyya su ne babbar hanyar kuɗin irin waɗannan ƙungiyoyi a duniya. Ba gwamnati ta ce ba, attajirai masu zaman kansu, amma dai daga waje ne.

Sai zinariya, wadda kowa ke tsallakewa. A gabashin Burkina da Gurman Mali ƙungiyoyin nan ba sa haƙa da kansu. Su kori jami'an gwamnati, su ce wa mahaƙa ku yi aikinku mu ne tsaro, sannan su karɓi rabo a kan rami, a kan buhun dutse, a kan injin niƙa. A wurin kuma suke samun nakiyar fasa dutse da ake haɗa bama-baman gefen hanya da ita. Zinariya da an narka ta ba ta da gari. Mai saye na farko ya kai wa na birni, na birni ya sa a jakar hannu ya hau jirgi. Ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta aƙalla tan 435 na zinariya ya fita daga Afirka ta ɓarauniyar hanya a 2022 kaɗai, kuma mafi yawansa Dubai ya nufa. Ba duka ne na ƴan ta'adda ba, ko kusa. Amma kasuwar da ke saye ba tambaya ita ke sa rabon da aka karɓa a bakin rami ya zama kuɗi. Wannan ma tallafi ne daga waje, ko da mai sayen bai taɓa jin sunan Iyad Ag Ghaly, shugaban JNIM, ba.

Ga kuma abin da hukumominmu ke faɗa. Mali ta rubuta wa Kwamitin Sulhu a Agustan 2022 tana zargin Faransa da ba ƴan ta'adda bayanai da makamai. Janar Tiani, a hirarsa da Hausa ta 25 ga Disamban 2024, ya zargi Faransa da shirya wa Lakurawa sansani da sanin wasu hukumomin Najeriya. Bayan faɗan Tinzawaten na Yulin 2024 tsakanin ƴan tawayen arewacin Mali da sojojin ƙasar, kakakin leƙen asirin sojan Ukraine da bakinsa ya ce ƴan tawayen sun sami bayanan da suke buƙata, abin da ya sa Mali da Nijar suka yanke hulɗa da ita. Waɗannan ba hirar fada ba ce.

Mai Lissafi (Yamai) ya sake amsawa:

Hajiya, kan Libiya da zinariya ba mu da saɓani. Abin da zan ƙara kan makamai shi ne na Libiya sun yi tasiri a farko, amma masu bin lambobin bindigogi irin su Conflict Armament Research sun nuna cewa daga baya kaso mai yawa na abin da ake kamawa a hannunsu daga rumbunan sojojin yankin nan ya fito, ganimar bariki ko abin da ya zurare.

Sakin layinki na ƙarshe kuwa, a nan ne Ɗalibin Tawa ya kamata ya yi hattara, don abubuwan ba nauyinsu ɗaya ba. Faransa ta musanta, Najeriya ta musanta, kuma ba a baje takardun a gaban jama'a ko kotu ba. Maganar Ukraine ta fito daga bakin jami'inta, amma kan CSP, ƙawancen ƴan tawayen arewacin Mali, ya yi ta, daga baya gwamnatinsu ta musanta taimakon ta'addanci. Zargin tallafa wa masu iƙirarin jihadi a arewacin Mali da aka yi wa Ƙatar a jaridun Faransa a 2012 shi ma bai kai gaban alƙali ba. Rashin hukunci ba ya nufin ƙarya ne, amma zargi sunansa zargi.

Ga kamannin abin da aka tabbatar. Kamfanin siminti na Faransa, Lafarge, ya amsa laifi a kotun Amurka a Oktoban 2022 cewa ya biya Da'ish da Jabhatun Nusra kusan dala miliyan 6 a Siriya tsakanin 2013 da 2014 don masana'antarsa ta ci gaba da aiki, aka ci shi tarar dala miliyan 778. Na kusa da mu kuma, a 2019 kotun Abu Dhabi ta ɗaure ƴan Najeriya shida kan aika wa Boko Haram dala 782,000 daga Dubai, Amurka ta sa masu takunkumi a 2022. A duka biyun akwai sunaye, ranaku, adadi da hanyar da kuɗin ya bi.

Yadda ake bin sawun a wajenmu: banki ko kamfanin aika kuɗi in ya ga abin da bai gane ba, wajibi ne ya kai rahoton zargi ga CENTIF, hukumar bin sawun kuɗin haram, ba tare da ya sanar da mai asusun ba. CENTIF ta bincika, in akwai ƙamshin gaskiya ta miƙa wa mai gabatar da ƙara. A 2017 umarnin BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa, ya sa a bayyana duk cinikin tsabar kuɗi da ya kai sefa miliyan 15, da duk wanda zai tsallaka iyaka da miliyan 5 ya faɗa wa duwan. Matsalar ita ce an ɗinka wannan tsari ne don masu asusun banki. Mai son kaucewa sai ya yanyanka kuɗin jika 200, jika 300, ya aika da sunan mutum goma a gishe goma, wasu da katin shaidar aro. Ko ya bi ta hawala: a ba ɗan kasuwa kuɗi a Dubai, ya buga waya, abokinsa ya biya a Kano ko Gao, su biyun su daidaita bashinsu da kwantenar kaya bayan wata uku. Ba sisin da ya tsallaka iyaka, balle duwan ya gani. Kuma dubban ƴan kasuwa na halal da wannan hanyar suke aiki, ba a iya rufe ta. Abin da ke kama mutum a nan shi ne littafin ɗan hawalar da wayar da aka tsinta a jikin wanda aka kama, in har an adana su an kai wa mai bincike maimakon su ɓace a hanya.

Malam Na Zaure (Tawa) ya amsa:

Allah ya saka maku da alheri. Kun yi maganar kuɗi, saura mutum, tunda kuɗi ba ya hawa moto.

Hukumar PNUD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna da ɗaruruwan waɗanda suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka. A rahotonta na 2017, kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani aikin hukuma ne, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Fiye da rabi sun amsa cewa ba su fahimci littattafan addini ba, ko kaɗan suka fahimta. A na 2023, kashi ɗaya cikin huɗu sun ce neman aikin yi ne babban dalilinsu, ya ma fi addini yawa. Saboda haka ɗana, in wani ya ce maka yawan karatun addini ne ya kawo wannan, ka ce masa ƙarancinsa ya fi kusa. Ban wanke masu wa'azin kafirta Musulmi ba, ko na gida ko waɗanda aka ɗauki nauyin karatunsu da masallatansu daga waje ba tare da kowa ya tambayi me ake koyarwa ba. Suna da kasonsu, su suka ba yaro kalmomin da zai halatta jinin maƙwabcinsa. Amma akasari yaron ya riga ya cika da haushi kafin ya ji su.

Iyakarmu da Mali misali ce. Rikicin kiwo da satar shanu tsakanin Fulani da Dausahak ya girmi EIGS da shekaru masu yawa. A 2017 da 2018 aka haɗa kai da mayaƙan MSA na Dausahak da GATIA na Abzinawa daga Mali, da goyon bayan rundunar Faransa ta Barkhane, don a yaƙi mutanen Abu Walid al-Sahrawi. A idon Bafulatanin yankin, gwamnati ta ɗauki abokan gabarsa ta ba su izini. Da yawa suka tafi wurin wanda ya ce zai ba su bindiga su kare garkensu. A 2020 kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, ta binciki ɓatan farar hula 102 a yankin Inates, ta gano gawa aƙalla 71 a kaburburan bai-ɗaya, ta ɗora alhakin a kan wasu jami'an tsaro. A 2020 ɗin dai binciken ma'aikatar tsaro ya nuna sefa miliyar 76 sun salwanta ta hanyar ƙarin farashi da kayan da ba a kawo ba, a daidai lokacin da ake binne yaranmu na Inates da Cinagodar. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ni a ganina alhakin jini yana wuyan wanda ya kashe da wanda ya ba shi umarni, wannan ba a raba shi da kowa. Bayansu sai wanda ya biya ko ya saya yana sane, Bature ne ko Balarabe ko dillalin garinmu. Sannan mai mulkin da zaluncinsa ko sakacinsa ya tura masu mutane. Makiyayin da aka ɗora wa bindiga a ka ya ba da saniya ba ya cikin wannan layi, kuma duk lokacin da aka sa shi ciki an ƙara masu soja guda.

Ɗalibin Tawa ya sake tambaya:

Na gode ƙwarai iyayena. Saura guda: tunda cefanen nasu daga cikin gida ne, me ya sa ba za a rufe kasuwannin da hana moto da sayar da mai a bido gaba ɗaya ba, har su mutu da yunwa?

Ba'adare (Tawa) ya amsa:

An gwada, ɗana. A Difa tun 2015 anka hana moto, anka hana cinikin kifi da tattasai don Boko Haram na karɓar haraji a kai, anka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. Harajin ya ragu, amma dubban masunta, manoman tattasai da ƴan kabu-kabu sunka wayi gari ba sana'a, sai da anka ɗage hanin bayan shekaru. A Tilaberi an hana moto a Janairun 2020. Ɗan bindiga bai aje tashi ba tunda dama ba ya bin doka. Wanda ya aje shi ne mai kai mara lafiya likita da mai zuwa gaya ma soja abin da ya gani. Rufe kasuwa kuma ba ya hana ciniki, daji ya ke maida shi, inda ba tikiti ba shaida, kuma su ne masu tsaron wurin.

Abin da ke ciwo gare su shi ne matsi a wuri ƙunci. Isansi: a san gidajen mai da ƴan bumburutu na garuruwan bakin daji, a ƙayyade bido nawa mutum guda ka ɗauka, a duba wanda ke sayen abin da ya fi ƙarfin injin ban-ruwansa. Moto: masu shigo da su da yawa ƙalilan ne, a bi lambar shasi daga duwan har mai saye, a tambayi wanda ya ɗauki ashirin lokaci guda ina ya kai su. Bisashe: dillalin farko. Zinariya: mai saye na birni da filin jirgi, ba yaron da ke cikin rami ba. Kuma duk wanga ba ya aiki in wanda ya kawo labari sunansa zai fita kafin ya koma gida, don a garuruwa da dama maigari ko limamin da anka zarga da magana da soja shi ake fara ɗaukewa.